Akwai bit ɗin juyi da zai ci dutsen Zariya ba tare da kwampiresa ba?

Kabiru_Argungu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar haƙan rijiyar burtsatse. Ina da tambaya ga manyanmu. Injinmu ƙarami ne na juyi, da laka muke aiki, ba mu da kwampiresa. A wajajen Birnin Kebbi da Argungu muka saba aiki, can kuwa bit (kan da ake ɗaurawa a ƙasan fayif ya ci ƙasa) mai fukafukai uku ya ishe mu, don yashi ne da yumɓu. To sai muka karɓi aiki a gefen Zariya. Mun wuce jar ƙasa, mun wuce marmara, mun shiga ruɓaɓɓen dutse, da muka kai wajen mita 20 sai injin ya fara tsalle, fayif yana kaɗawa. Muka ɗaura PDC sabo mai inci 6 (bit mai haƙoran daimon na ƙira), wanda mai shagon ya rantse mana babu dutsen da ba ya ci. Bai yi ko mita ɗaya ba muka ciro shi, haƙoran gefe duk sun ɓantare, biyu ma sun fita gaba ɗaya.

Jabu aka sayar mana ne, ko ƙirar bit ɗin ce ba ta dace da wurin ba? Sannan akwai bit ɗin juyi da zai ci irin wannan dutse ba sai mun yi hayar kwampiresa ba? Kuɗin haya da na man gas za su cinye ribar aikin kakaf.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, nemi hama, wadda ke dukan dutse da iskar kwampiresa. Zariya, Kano ta kudu, Funtuwa, Gusau, duk dutse ɗaya ne a ƙasa. Kada ka ɓata wani bit ɗin.

Inj_Maryam:
Malam Kabiru, ka taɓa kallon dutsen Kufena? Irinsa ne bit ɗinka ya tarar a ƙasa. Yankin Sakkwato da Kebbi kwari ne da ya cika da yashi, yumɓu da dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina da ake yin siminti da shi. Zariya kuwa a kan tsohon dutsen tushe take, giranit da danginsa. Giranit yana ɗauke da ƙwayoyin kwaz masu yawa, waɗannan fararen masu ƙyalli. A ma'aunin tauri da ke tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana kan 7, ya fi ƙarfen wuƙa tauri. Dutsen farar ƙasa kuwa wajen 3 yake. Saboda haka ko bit ɗinka na asali ne, ba ƙaramin aiki ka ɗora masa ba.

Kuma wurin da ya fi kashe PDC shi ne daidai inda ka tsaya, wato mahaɗar ruɓaɓɓen dutse da lafiyayye. A nan akwai curi-curin duwatsu a binne cikin ƙasa mai laushi. Haƙori yana tafiya cikin laushi sai ya ci karo da curi a guje.

Sadiq_Fatakwal:
Bari in ɗora a kan bayanin Injiniya, don a wajen haƙar mai nake aiki kuma PDC muke gani kullum. Kowane haƙori da ka gani a jikinsa ƙaramin guntu ne na tangstan kabaid, an manna masa fatar daimon na ƙira a fuska, kaurinta milimita 2 zuwa 3 kawai. Faɗin haƙoran yawanci milimita 13 ne, ko 16, ko 19. Babu wani abu mai juyawa a jikin bit ɗin. Fere dutse yake yi, kamar yadda kafinta ke fere katako. Shi ya sa a yumɓu mai tauri da dutsen yashi babu mai kama shi a gudu.

Rauninsa biyu ne. Na farko duka: daimon ya fi komai tauri, amma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Na biyu zafi. Ana haɗa ƙwayoyin daimon ɗin da kobalt, shi kuwa kobalt ya fi daimon buɗewa idan ya yi zafi. Da zarar bakin haƙori ya kai wajen digiri 700 zuwa 750, fatar sai ta fara dardarewa daga ciki. Haƙoran gefe su suka fi yin tafiya mai nisa a kowane juyi, su suka fi ɗaukar zafi da duka. Abin da Malam Kabiru ya gani ke nan.

Masu ƙira suna wasa da abu uku. Yawan fukafukai: na ƙasa mai laushi uku ne ko huɗu da manyan haƙora, na dutse mai tauri yakan kai bakwai ko takwas da ƙananan haƙora masu yawa, don a raba nauyin. Sai kwanciyar haƙori: idan an karkatar da shi baya kaɗan, kamar digiri 15, yana ci da sauri amma yana saurin ɓantarewa, idan an kai shi digiri 25 ko 30 yana jure duka amma ba ya sauri. Sai kuma hanyoyin ruwa tsakanin fukafukan. Malam Kabiru, fukafukai nawa ne a naka?

Kabiru_Argungu:
Uku ne, Oga Sadiq. Haƙoran kuma manya ne.

Sadiq_Fatakwal:
To ai ka ga amsar rabin tambayarka. Wannan na yumɓu da yashi ne. Ko daga ina ya fito, ba don giranit aka ƙera shi ba.

Mamman_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan garinmu a kan giranit yake zaune, kowa ya san wahalar ruwan Damagaram. Duk mai foraj (haƙan burtsatse) da ya san aikinsa a nan kayan aiki biyu yake ɗaurowa a mota: ya buɗe sama da juyi har ya taɓa dutse, ya sa kesin ya tare ƙasar da ke rubzowa, sannan ya sauka da marto, wato hama. Abin da Baban Khalifa ya faɗa shi ne gaskiya. Amma idan ka je arewacin Maraɗi ko Dosso sai labari ya canza, can juyi da laka ne ke aiki.

Ɗalibi_Samaru:
Don Allah a yi mini uzuri, ni ɗalibi ne. Shi tirikon, bit mai kawuna uku masu mirginawa, fa? A aji an ce mana saboda dutse mai tauri aka ƙirƙiro shi. Me zai hana Malam Kabiru ya sa shi, tunda shi ma na juyi ne?

Malam_Tukur:
Ɗalibi ya yi tambaya mai kyau, kuma tarihi yana bayansa. A farkon ƙarni na 20 masu haƙar mai a Texas ta Amurka suna aiki ne da bit mai siffar wutsiyar kifi, wanda kankarar ƙasa kawai yake yi. Da ya tarar da dutse sai ya dakushe. A 1909 Howard Hughes babba ya sami rajistar bit mai kawuna biyu masu mirginawa, shi da abokin kasuwancinsa Walter Sharp suka kafa kamfani a kansa. Dukiyar da ɗansa ya yi suna da ita a harkar jiragen sama da fina-finai daga nan ta samo tushe. A 1933 injiniyoyin kamfanin suka fito da mai kai uku, a 1951 kuma aka fara dasa masa haƙoran tangstan kabaid maimakon na ƙarfe. PDC bai shigo kasuwa ba sai a shekarun 1970, daga aikin kamfanin General Electric.

Hikimar ita ce, maimakon haƙori ya riƙa gogar dutse yana dakushewa, sai ya taka shi da nauyi, ya fasa, ya ɗaga, wani ya biyo baya. Kai uku ya fi biyu zama daram a gindin rami, sannan layukan haƙoran kowane kai suna shiga tsakanin na maƙwabcinsa, suna sharce wa juna taɓo.

Sadiq_Fatakwal:
Duk abin da Malam Tukur ya faɗa haka yake, sai dai akwai sharaɗi: nauyi. Tirikon ba ya fasa dutse sai an danna shi fiye da ƙarfin dutsen. A dutse mai tauri ana neman kamar tan 2 zuwa 3 a kan kowane inci na faɗin bit. Ka lissafa wa inci 6, ya haura tan 12. Mu a rijiyar mai muna samun wannan daga manyan fayif masu kauri da muke jerawa a kan bit, ga kuma zurfi. Shi Malam Kabiru yana mita 20, fayif ɗinsa ba su da wani nauyi, idan ya matsa haidirolik da ƙarfi injin ne zai ɗaga sama. In nauyin bai kai ba, haƙoran sai su riƙa goge dutsen yana sulɓi, gari kawai ke fitowa, boris ɗin da kawunan ke juyawa a kansa kuma yana ci.

Hama ta kauce wa wannan matsalar ne gaba ɗaya. Fistin ɗin yana can ƙasa a bayan bit, iska na buga shi sama da sau dubu a minti. Juyin a hankali ne, kamar 20 zuwa 40 a minti, don kawai haƙoran su sauya wurin da suke duka. Ba ta neman nauyi mai yawa.

Bukar_Yerwa:
Ku dai kuna ta maganar dutse, mu matsalarmu daban ce. A Maiduguri da kewaye sai ka yi ɗaruruwan mitoci ba ka ga dutse ba, wasu rijiyoyin sukan haura mita 300 kafin a sami ruwan tsakiya. Abin da ke tsayar da mu yumɓu ne mai danƙo. Na taɓa ciro tirikon ban ga haƙori ko ɗaya ba, ya zama dunƙulen taɓo, kawunan sun daina juyawa, gefe ɗaya ya goge sumul. Bit ɗin kuwa mai gajerun haƙora ne na dutse. Irin bit ɗin da ya ba Malam Kabiru kunya, a wurinmu sarki ne. In bai jefar ba ina saye.

Usman_Walda:
Bukar, ba na ba ka shawara ka saya yadda yake. Haƙorin da ya fita ya bar gurbi, kuma da tagulla mai azurfa ake manna su, ba waldar lantarki ba. Idan mai gyara ya zuba wuta da yawa sai ya ƙona daimon ɗin maƙwabta, ido ba zai gani ba sai an sauka rami.

Sannan Malam Kabiru, waɗannan haƙora biyu da suka fita suna ina? Suna gindin raminka. Kabaid ne, duk bit ɗin da ka saukar a kansu zai ji jiki. Ka nemi hanyar wanko su ko ka kwaso su kafin komai.

Baban_Khalifa:
Usman, Allah ya yi maka albarka. Wannan ita ce maganar da ta fi muhimmanci a yau.

Hajiya_Binta_KD:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba ma'aikaciya ba ce, mai gida ce da aka yi wa rijiya. Masu aikin da suka zo mana sun tsaya da suka taɓa dutse, suka ce ruwan sama-sama ya isa. Damina lafiya lau, amma daga Maris famfo sai ya riƙa shan iska. Shin dole ne a shiga cikin dutsen? Me ake nema a ciki?

Inj_Maryam:
Hajiya, shi lafiyayyen giranit ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana wuri biyu: cikin ruɓaɓɓen da ke samansa, da cikin tsagogin da ke jikinsa. Ruɓaɓɓen shi ne ma'aji, tsagogin su ne hanyoyin da ruwa ke bi. Idan ruɓaɓɓen yana da kauri, rijiyar da ta tsaya a kansa takan riƙe har bazara. Idan siriri ne, sai a sami irin abin da ya same ki. Shi ya sa awon ƙasa kafin haƙa yake da amfani, yana nuna kaurin ƙasar sama da inda ake sa ran tsaga, duk da cewa ba ya ba da tabbacin ruwa ɗari bisa ɗari. Malam Kabiru, an yi awo a wurin naka?

Kabiru_Argungu:
An yi, ranki ya daɗe. Takardar ta ce a kai mita 45 zuwa 50, ana sa ran tsaga a ƙasa da mita 30.

Garba_Alkaleri:
Ni ban yarda a ce PDC ba ya cin giranit kwata-kwata ba. A jihar Yuta ta Amurka akwai wurin gwajin haƙo zafin ƙasa don samar da lantarki, kuma da PDC suka ratsa giranit mai zafi a rijiyoyinsu. Yanzu ana cire kobalt daga saman fatar daimon da sinadari don ta jure zafi, akwai haƙora masu tsini maimakon masu faɗi, akwai ma bit ɗin da aka haɗa masa fukafukan PDC da kawunan tirikon a jiki ɗaya. Ku tuna kuma Rashawa sun kai mita 12,262 a ramin Kola a 1989, cikin tsohon dutse irin namu, kuma da juyi suka yi. Fasaha tana gaba, kada mu tsaya a kan abin da muka gada.

Sadiq_Fatakwal:
Malam Garba, ban musa ba. Amma ka dubi abin da ke bayan waɗannan bit ɗin: injin da ke iya danna tan da yawa, famfunan laka masu ƙarfin gaske, na'urorin da ke auna girgiza a ƙasa. Bit ɗin kaɗai ya fi injin ɗan'uwanmu kuɗi. Ko a nan gida, rijiyar Kolmani da ke kusa da ku, wadda NNPC ta sanar da samun mai a cikinta a 2019, ai a kwarin Binuwai take, dutsen yashi ne da yumɓu mai tauri. Haka Agadem a Nijar. Can ne gidan PDC.

Garba_Alkaleri:
Na ji, amma abin da ya fara a rijiyar mai yakan sauko wa masu ruwa daga baya. Tirikon ɗin ma ai haka ya zo mana.

Alh_Sabo_Kayan_Bohal:
Ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗi abin da zai amfani mai saye. Tirikon yana da lamba uku a kwalinsa ko a jikinsa, ta IADC, ƙungiyar kamfanonin haƙa ta duniya. Lambar farko daga 1 zuwa 3 haƙoran ƙarfe ne, daga 4 zuwa 8 na kabaid ne, kuma a cikin kowane rukuni, duk yadda ta hau haka taurin dutsen da aka yi shi dominsa yake hawa. Ta ƙarshe tana faɗin irin boris: 1 buɗaɗɗe ne, laka na shiga, 7 rufaffe ne da sil da giris a ciki, ga kariya a gefe. Don haka 117 na ƙasa mai laushi ne, 537 matsakaici, 637 da 737 na dutse.

Ko babu lamba ido zai gaya maka. Na laushi haƙoransa dogaye ne, a warwatse, kuma an ɗan kautar da kawunan daga tsakiya don su riƙa ja suna kwakula. Na dutse gajeru ne, masu mulmulallen kai, a cunkushe, kawunan kuma kusan daidai da tsakiya don su mirgina kawai.

Akwai na hannu da yawa a kasuwa, ragowar kamfanonin mai. Wasu suna da sauran rai. Ka kama kowane kai ka juya. In ya juya da ɗan nauyi, sil yana nan. In ya yi ta wulwulawa ko yana girgiɗi, bar shi. Araha ba ta ado, kai ɗaya ya cire a rami ka rasa ramin.

Baban_Khalifa:
Tunda an zo maganar saye, ga abin da nake koya wa yarana a kan bit ɗin hama. Fuska uku ce. Mai lotsawa ciki tana riƙe rami ya miƙe, ita muka fi amfani da ita. Shimfiɗaɗɗiya ta fi juriya a dutse mai tsananin tauri da tsagogi. Mai tudu tana da sauri a matsakaicin dutse. Botin ɗin, wato haƙoran kabaid da ke fuskar, su ma iri biyu ne, mulmulalle da mai ɗan tsini, a giranit mulmulalle za ka ɗauka.

Kuma a riƙa wasa su. Da zarar saman botin ya baje ya kai kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, a wasa. Yaran yanzu sai su bari ya baje gaba ɗaya, sannan su ce kwampiresa ba ta da ƙarfi. Wani abin kuma, tsohon bit ya sire a gefe, raminsa ya fi ƙunci. In ka biyo shi da sabo fil, sabon zai matse, botin ɗin gefe su karye. A auna faɗin kowanne, a fara da babba a ƙare da ƙarami.

Mamman_Damagaram:
Ƙari a kan na Baba: ku kula da ƙura. Farar ƙurar nan da ke tashi idan marto na cin giranit garin kwaz ne, yana taruwa a huhu kuma ba ya fita. Na san tsofaffin ma'aikata da ke fama da numfashi yanzu. A zuba ɗan ruwa ko kumfa cikin iskar, yara su rufe hanci, kada a tsaya ta inda iska ke kaɗawa.

Ɗalibi_Samaru:
To hama ba ta da nata raunin ne? Yadda ake yabonta kamar ta gama komai.

Inj_Maryam:
Tana da shi. A yashi mai rubzawa ko yumɓu ba ta aiki, iska ba ta riƙe bangon rami yadda laka ke yi. Sannan ruwan da ake nema shi ne ke rage mata ƙarfi: kowane mita 10 na ruwa a cikin rami yana tura iskar baya da "ba" ɗaya (ma'aunin matsin iska ke nan). Kwampiresa mai ba 12 a ƙarƙashin mita 60 na ruwa, rabin ƙarfinta ya tafi. Kuma dole iskar ta taso da gudun kamar mita 15 a daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba tsakuwar ta faɗo ta danne bit. Babban rami da siririn fayif da ƙaramar kwampiresa, ta nan ake maƙale kaya.

Kabiru_Argungu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci bit ɗin na yumɓu ne. Amma har yanzu ina son in ji ƙarshen maganar tirikon. Akwai wani abokin aiki da ke da 637 na hannu mai kyau, kuma zan iya aron fayif masu nauyi guda biyu, in ɗaure injin da turaku. Mita 25 zuwa 30 ne suka rage. Ba zai ja ba ko a hankali?

Usman_Walda:
Zai ja idan dutsen yana da tsagogi ko bai gama ƙwari ba. Na ga an yi a wajen Malumfashi, a hankali ƙwarai amma an kai.

Baban_Khalifa:
Na ga inda aka yi ba a kai ba. Ka lissafa man da injinka zai sha a kwanakin da zai ɗauka, da abincin yara, da boris ɗin kan injin da za ka kashe. Hama za ta gama wannan tsakanin safiya da la'asar.

Sadiq_Fatakwal:
Ina tsakanin su biyun. Ka duba tsakuwar ƙarshe da ta fito kafin ka tsaya. In ja-ja ce ko ruwan ƙasa, tana murmushewa a yatsa, akwai sauran ruɓa, tirikon zai ɗan tafi. In fara ce da baƙi-baƙi, mai kaifi, ka isa lafiyayye. In za ka gwada, rage juyi zuwa wajen 50 ko 60 a minti, ka sa alli a fayif ka auna abin da ya ci a awa ɗaya, sannan ka yanke shawara da lissafi.

Alh_Sabo_Kayan_Bohal:
Kafin ka ɗauko na abokin naka, ka tambayi zarensa. Tirikon mai inci 6 yawanci zaren inci uku da rabi yake zuwa da shi, ƙananan injuna kuwa da yawa fayif ɗinsu bai kai haka ba, sai da mahaɗi. Turo mini girman fayif ɗinka in duba ko ina da shi.

Inj_Maryam:
Kuma ko wanne ka zaɓa, ka fara sa kesin zuwa kan dutsen. Turo hoton tsakuwar da Oga Sadiq ya ce, ka wanke ta tukuna, ka ajiye kwabo ko murfin kwalba a gefe don mu ga girmanta.